"INA KAKE RAN NAN?" DARASI A KAN ƘWAƘWALWA DAGA HIRAR DIREBOBIN IYAKA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san yankin Mazanya da Magama, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya. A nan ne manyan motoci kan yi layi suna jiran ma'aikatan kwastan su duba takardu, kafin su tsallaka zuwa Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar. Jiran yakan ci yini guda, wani lokaci har da kwana. Saboda haka direbobi da yaransu kan taru a teburin mai shayi, hira ta yi ta yawo daga tsadar mai zuwa lalacewar hanya. Idan dare ya yi nisa, ba wuya wani ya ɗauko zancen ranar da aka kai wa Kano hari, daga nan kuma sai kowa ya shiga faɗin inda yake a ran nan.

Ranar da ake nufi ita ce Jumma'a, 20 ga Janairu, 2012. Da yammacin wannan rana, wajen ƙarfe biyar, 'yan Boko Haram suka tayar da bama-bamai tare da buɗe wuta a wurare da dama cikin birnin Kano, ciki har da hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, da ta shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo. Aƙalla mutane 185 suka rasu, aka kuma kafa dokar hana fita ba dare ba rana.

Abin da za mu duba a wannan darasi shi ne: me ya sa mutumin da ba zai iya tuna abin da ya ci shekaranjiya ba, yake iya kawo labarin wannan yammaci dalla-dalla bayan fiye da shekara goma? Kuma shin abin da yake tunawa ɗin daidai ne?

Direbobi uku

Bari mu ɗauki misalin direbobi uku. Na farko yana lodin hatsi a kasuwar Dawanau lokacin da ƙarar farko ta tashi, ya kuma hango hayaƙi da idonsa. Na biyu ya baro Katsina ya nufi Kano, ya wuce Kankiya da Tsanyawa, sai a Bichi ya ga motoci suna juyowa, wani ɗan'uwansa direba ya yi masa hannu ya tsaya. Na uku kuwa yana nan Magama cikin layi, yaron motarsa ya rugo da rediyo a hannu yana cewa, "Maigida, Kano ba lafiya."

Idan ka saurare su da kyau za ka ga labaran nasu sun bi tsari ɗaya. Kowa zai faɗi inda yake, da abin da yake yi, da wanda ya ba shi labari, da yadda ya ji a ransa, da halin da mutanen da ke wurin suka shiga, da abin da ya yi bayan haka. Waɗannan abubuwa shida su ne wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard, Roger Brown da James Kulik, suka lissafa a 1977. Sun tambayi mutum 80 yadda suka sami labarin kisan shugaban Amurka John Kennedy a 1963, sai 79 daga cikinsu suka kawo labari mai irin wannan tsari. Masanan suka raɗa wa abin suna daga fitilar mai ɗaukar hoto, wadda kan haska sau ɗaya ta kama duk abin da ke gabanta. Mu a nan za mu kira shi tunin walƙiya, domin kamar walƙiyar damina yake: cikin baƙin duhu ta haska, ka ga itace da katanga da akuyar da ta raɓe, sa'an nan duhu ya dawo amma hoton ya zauna maka a ido.

Brown da Kulik sun kuma lura cewa sai abin ya shafi mutum walƙiyar take haskawa. Game da kisan Martin Luther King a 1968, baƙaƙen fata 30 cikin 40 ne suke da irin wannan tuni, amma fararen fata 13 ne kawai cikin 40. Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa harin Kano ya fi zama a ran direban Jibiya bisa ga wanda aka kai a wata ƙasa mai nisa. Kano ce kasuwarsa, can ne ubangidansa yake, wataƙila ma da iyalinsa.

Abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa

Idan mummunan labari ya faɗo wa mutum, wasu 'yan ƙananan halittu da ke zaune a kan ƙoda sukan tsarto sinadarin adirenalin da na kotizol cikin jini. Shi ya sa gaba ke faɗuwa, baki ya bushe, zufa ta karyo. Saƙon wannan tashin hankali yakan kai ga wani ɓangare na ƙwaƙwalwa mai kama da ƙwayar gyaɗa, wanda ake kira amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne, shi ke gane haɗari. Kusa da shi akwai wani ɓangaren mai suna hifokamfas, wanda ke ɗaure abin da ya faru da wurin da ya faru da kuma lokacinsa. Idan mai gadi ya yi kururuwa, sai hifokamfas ya ƙara ƙarfin ɗaurin. Hikimar a fili take: dabbar da ta tuna mashayar da ta gamu da kada ta fi wadda ta manta tsawon rai.

Brown da Kulik sun zaci cewa da zarar an ɗauki wannan hoto, ba ya sake canzawa. Amma su ba su da hanyar da za su gwada, domin ba wanda ya rubuta abin da mutanen suka faɗa a 1963.

Gwajin da ya canza ra'ayin masana

Wani masani mai suna Ulric Neisser ya yi shakkar wannan zato saboda abin da ya same shi. Ya daɗe yana tuna cewa yana yaro, yana sauraron wasan ƙwallon gora a rediyo, aka katse shirin aka sanar da harin da Japan ta kai Pearl Harbor a 1941. Daga baya ya farga cewa a watan Disamba aka kai harin, kuma ba a yin wannan wasa a lokacin sanyi.

Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Washegari Neisser da abokiyar aikinsa Nicole Harsch suka sa ɗalibai 106 na Jami'ar Emory su rubuta yadda suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu, aka gwada amsoshin da na farko. Cikakken maki bakwai ne, amma matsakaicin abin da suka samu bai kai uku ba, kuma 11 daga cikinsu ba su sami ko ɗaya ba. Abin mamakin shi ne yawancinsu sun ce suna da tabbaci ƙwarai. Da aka nuna wa wasu takardun farko, sun yarda rubutunsu ne, amma suka ce su dai ba haka suke tunawa ba.

An sake irin wannan gwaji bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka. Washegarin harin, Jennifer Talarico da David Rubin na Jami'ar Duke suka sa ɗalibai 54 su rubuta yadda suka ji labarin, su kuma rubuta wani ƙaramin abu na yau da kullum da ya same su a kwanakin. Aka sake tambayar wasu bayan mako ɗaya, wasu bayan shida, wasu bayan 32. Sai aka ga labaran biyu suna zubewa da sauri iri ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaliban sun san sun fara manta ƙaramin abin, amma game da harin tabbacinsu bai ragu ba. Wani bincike mafi girma, wanda William Hirst ya jagoranta a kan mutane fiye da 3,000 na tsawon shekara goma, ya nuna cewa bayan shekara guda kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na bayanan suka dace da na farko. Daga nan sai labarin ya tsaya cik, har da kurakuransa, mutum ya ci gaba da maimaita shi haka.

Ta ina kuskure yake shiga?

Tuni ba faifai ba ne da ake sakawa ya maimaita abin da aka ɗauka. Ya fi kama da ɗakin ƙasa wanda ake yi wa yaɓe duk shekara: siffar ɗakin tana nan, amma ƙasar da ke jikinsa ba ta ranar gini ba ce. Duk lokacin da mutum ya tuno abu, ƙwaƙwalwa sake harhaɗa shi take yi, ta cike gurbin da ya ɓace da abin da ya fi dacewa. A wajen direba, ƙofofi uku ne kuskure ya fi shigowa ta cikinsu.

Ta farko ita ce maimaita hanya. Wanda ya yi layi a Magama sau ɗari, kwanakin sukan shiga juna. Yana iya rantsewa cewa ana yayyafi a ran nan, alhali a watan Janairu hunturu ake yi a ƙasar Katsina. Yayyafin na wata tafiyar ne.

Ta biyu ita ce kamannin aukuwa. An kai hari tashar motoci ta New Road a Sabon Gari ranar 18 ga Maris, 2013. An kuma kai wani a babban masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu, ita ma ranar Jumma'a ce. Bayan shekaru, mutum yana iya ɗauko mai ba da labari daga wannan rana ya haɗa shi da wurin waccan.

Ta uku ita ce teburin mai shayi kansa. Labarin da ka ji sau ashirin daga bakin abokinka yana iya zama naka ba tare da ka sani ba. Mai irin wannan kuskure ba maƙaryaci ba ne, domin abin da yake faɗa shi yake gani a zuciyarsa.

Gani ya kori ji

To, cikin direbobinmu uku, wa ya fi kusa da daidai? Bincike ya goyi bayan karin maganar Bahaushe. Bayan girgizar ƙasar da ta auku a Kalifoniya ranar 17 ga Oktoba, 1989, Neisser ya gwada waɗanda ƙasa ta girgiza da su da kuma ɗaliban Atlanta waɗanda labari kawai suka ji. Bayan shekara ɗaya da rabi, mutanen Kalifoniya sun tuna kusan kome daidai, na Atlanta kuwa sun yi kurakurai masu yawa. Haka nan Tali Sharot da Elizabeth Phelps suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mazauna New York yayin da suke tuno harin 2001, suka ga amigdala ta fi motsawa a waɗanda suke kusa da wurin a ranar. Ke nan direban Dawanau ya fi na Bichi abin dogaro, na Bichi kuma ya fi na Magama, ko da yake dukansu da murya ɗaya ta tabbaci za su yi magana.

Amfanin wannan sani

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan direba ya manta ko ana yayyafi? Amsa ita ce, da irin wannan tuni ake ba da shaida gaban alƙali da ofishin 'yan sanda. Shaidar da ya ce "wallahi shi na gani" yana iya zama mai gaskiya kuma ya yi kuskure, sakamakon kuskuren kuwa ɗaurin wanda bai ji ba bai gani ba. Don haka ƙarfin rantsuwa ba ya wadatarwa, sai an nemi abin da aka rubuta da wuri. Direba ya yi sa'a a nan, domin takardar lodi da rasit da hatimin kwastan duk suna ɗauke da kwanan wata. Haka kuma tarihin waɗannan shekaru yawancinsa a bakin mutane yake. Mai tattara shi ya kamata ya ji daga mutane da yawa, kowa shi kaɗai, sa'an nan ya gwada da jaridun lokacin.

Sai dai a bambanta tunin walƙiya da ciwon firgita. Wanda ya ga abin da idonsa, har yau yana mafarkinsa, ko jikinsa ya ɗau rawa idan taya ta fashe, wannan ba gardamar kwanan wata yake bukata ba. Likita ya kamata ya gani, kuma ana samun sauƙi.

Aiki a aji

Malami ya zaɓi wani abin ba-zata marar tayar da hankali da ya faru a makaranta, kamar sakamakon wasan ƙwallo ko sanarwar canjin shugaban makaranta. Kada a yi amfani da labarin hari, domin a cikin aji ana iya samun wanda ya rasa nasa. Washegari kowane ɗalibi ya rubuta abubuwan nan shida na Brown da Kulik, malami ya karɓa ya adana. A ƙarshen zango na gaba a sake rubutawa, kowa ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon tabbacinsa, sa'an nan a buɗe takardun farko a gwada.

Tambayoyi

1. Lissafa abubuwa shida da ake samu a cikin tunin walƙiya.
2. Mene ne aikin amigdala, mene ne kuma na hifokamfas?
3. Me ya sa Neisser da Harsch suka iya gano abin da Brown da Kulik ba su gano ba?
4. Idan direbobi biyu suka saɓa a kan inda motarsu take a wata rana, waɗanne hanyoyi za ka bi ka gano gaskiya ba tare da ka ƙaryata kowa ba?