Abinci da Gudun Jini a Jikin Mai Ƙiba da Ciwon Sukari

Duk wanda ya taɓa ganin lambu a bakin kogin Jama'are ya san aikin magudanar ruwa. In ta toshe da laka, shukar da ke can ƙarshen fangali ita ce ke fara bushewa. To, haka jijiyoyin jini suke a jikin ɗan Adam. Wani likita na Ingila, William Harvey, shi ya bayyana a 1628 cewa jini zagaya jiki yake yi, zuciya ce ke tura shi. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, zuciyarsa kuwa tana bugawa kamar sau 70 a minti guda.

Tuwo, da shinkafa, da burodi, da masa, duk in sun narke a ciki sukan zama sukari, su shiga jini. Akwai wani sinadari da ake kira insulin, wanda aka gano a Toronto ta Kanada a 1921, shi ke buɗe wa sukarin nan hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Amma kitse in ya taru, tun ba na tumbi ba, yakan hana insulin aiki sosai. Sai sukari ya yi ta yawo cikin jini, yana cin fatar cikin jijiyoyi sannu sannu. Su yi tauri, kitse ya manne musu, hanya ta ƙuntace, zuciya ta riƙa aikin wahala.

Kamar shukar ƙarshen fangali, gaɓoɓin da ke da ƙananan jijiyoyi su ke fara shan wuya. Ƙafa takan mutu, gyambo ya ƙi warkewa, ido ya dushe, ƙoda ta gaji. In kuwa jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, sai shanyewar ɓarin jiki.

Ina magani? Rabinsa yana cikin akushi. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa, domin dusa tana sa sukari ya shiga jini a hankali. Haka kuma wake, da zogale, da rama, da kuɓewa, da kifin kogi. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye. Fura a dama ta da nono, ban da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini guda ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya, dunƙulen miya ma gishiri ne. Lemon kwalba guda kuwa yakan ɗauki sukari wajen ƙaramin cokali 8.

Mai kilo 100 in ya zubar da 5 ko 10, zai ga sauƙi a jininsa. Ya haɗa da tafiyar ƙasa ta rabin sa'a, kwana 5 a mako. Lalle kuma ya je asibiti, ko a Azare ko a Jama'are, a auna shi, kada ya bar maganin likita don ya gyara ci.

'Yan'uwa, gobe mu ne malaman ƙauyukan ƙasar Katagum. Abin da yaro ya koya a aji, da shi zai koma wurin tukunyar uwarsa.

Tambayoyi don aji:
1. Me ya sa gyambon mai ciwon sukari ke daɗewa?
2. Kawo abinci uku na garinku da suka dace da shi.