Darasi: Motar da Ba Ta Shan Fetur

Bayan janye tallafin fetur a 2023, wasu direbobi sun koma motar lantarki. A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da tasi irinta a Maiduguri.

Wanda ya saba da motar fetur, shirunta ne ke fara ba shi mamaki. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai. Batir ne ke tafiyar da ita, amma cajinsa a gida yakan ɗauki sa'o'i.

Shirun nan yana da haɗari. Yara da dabbobi ba sa jin tahowarta. Direba ya rage gudu a cikin ƙauye, ya riƙa danna hon. Iyaye kuma su koya wa yara duba hagu da dama kafin ƙetare titi.