Mutumin da Ya Jingina Bangaskiyarsa ga Mutane

A karanta: 1 Sarakuna 19:9-18; 1 Yohanna 1:5-10

Darasinmu na wannan wata ya fito daga wani gajeren labari na ƙasar Amurka, sunansa "Young Goodman Brown". Nataniyel Hawthorne ya rubuta shi, aka buga a 1835. An haifi marubucin a 1804 a garin Salem, inda a 1692 aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, kuma ɗaya daga cikin alƙalan shari'ar kakan kakansa ne. Saboda haka ya san abin da tsoron Shaiɗan yakan jawo sa'ad da masu ibada suka fara zargin juna.

Ga yadda labarin yake. Brown saurayi ne mai zuwa sujada, watansa uku da aure. Sunan matarsa Faith, watau Bangaskiya. Wata rana da faɗuwar rana ya yi shirin shiga jeji domin wani alkawari da shi kansa ya san ba na kirki ba ne. Matar ta roƙe shi ya kwana gida, ya ƙi. A ransa ya ce daren nan kaɗai ne, daga gobe zai manne mata har Sama. Mu lura da wannan, gama kusan dukanmu mun taɓa yin irin wannan ciniki da zunubi.

A jeji ya gamu da wani dattijo mai kama da shi, riƙe da sanda mai siffar maciji. Brown ya so komawa, ya ce iyayensa da kakanninsa mutanen kirki ne. Dattijon ya amsa cewa ya san su sarai, shi ya taimaki kakansa bulale wata mace a titin Salem saboda addininta. Can gaba ya ga tsohuwar da ta koya masa tambayoyin addini tun yana yaro, tana hira da dattijon kamar tsohon aboki. Ya ji muryar fastonsa da ta dikon, suna gaggawa zuwa taron dare. Duk da haka ya tsaya, ya ce yana da Sama a bisa, yana da matarsa a gida. Sai ga ɗan ƙyallen ado na hularta ya faɗo daga sama. Nan ya karai, ya sheƙa a guje zuwa taron.

A wurin taron ya ga masu ibada da fasikai a cakuɗe. Aka kawo shi da matarsa gaban wani dutse domin a shigar da su. Ya yi mata kira ta dubi Sama ta ƙi Mugun, nan take ya iske kansa shi kaɗai cikin jeji. Marubucin bai gaya mana ko mafarki ne ko ido biyu ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Da safe Brown ya koma gari, fasto ya sa masa albarka, ya kauce. Matarsa ta taryo shi da murna, ya wuce ko gaisuwa babu. Ya yi shekaru masu yawa, ya ga 'ya'ya da jikoki, amma waƙar sujada ta zama masa abin ƙyama, in iyali sun durƙusa addu'a sai ya haɗe fuska. Da ya mutu, ba a rubuta ayar bege a dutsen kabarinsa ba.

Me ya kashe shi tun yana da rai? A ganinmu ba zunubin dikon ba ne. Tun farko, duk hujjar da ya kawo domin ƙin Shaiɗan sunan mutum ce: ubansa, malamarsa, fastonsa, matarsa. Bangaskiyarsa aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Sa'an nan ya ƙidaya kowa da ya gani a jeji, ya manta da ƙafafun da suka kai shi can. Ba mu karanta ko sau ɗaya ya furta laifinsa ba, alhali Yohanna ya koya mana gafara tana wurin mai furtawa, mai musun zunubinsa kuwa kansa yake ruɗi.

Wannan ba nesa yake da mu ba. Dattijon ikilisiya yakan faɗi, a kama shi da kuɗin baiko ko da matar wani, sai mu ji wani ya ce ya bar sujada, duka munafukai ne. Ba mu raina zafin nan ba, kuma ba mu ce a rufe laifi ba. Horo wajibi ne. Amma sai mu tambayi ɗan'uwan nan a hankali: dattijon ne ya mutu dominka? Iliya ma ya yi kuka a Horeb cewa shi kaɗai ya ragu. Ubangiji ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya koma bakin aiki, ya shafe Elisha.