Yadda Ake Ɗaukar Hoton Biki a Faskari

Mai hoton da aka kira biki a Faskari, aikinsa tun kafin ranar yake farawa. Da farko ya je ya gaida uwar biki da waliyyin amarya, ya ji tsarin: yaushe kamu, yaushe sa lalle, a masallaci za a ɗaura auren ko a ƙofar gida. A nan ne zai nemi izinin shiga cikin gida. Akwai matan auren da ba sa son a ɗauke su, balle a watsa su a Facebook. In ba a yarda namiji ya shiga ba, a miƙa wa mace kyamarar. Batir kuwa a cika shi tun dare.

Ranar ɗaurin aure ya riga jama'a zuwa, ya raɓe inda yake hango liman da waliyyi da wakilin ango. Ba a ce wa dattawa "ku kallo nan." Jira zai yi a miƙa sadaki, a ɗaga hannu ana fatiha, sanƙira ya yi shela, yara su hau wawason alewa da dabino. Fuskar ango a wannan lokacin, babu situdiyon Funtua ko na Kano da zai iya shirya irinta.

Hoton jeri dole ne, dangi za su nema: ango da abokai, amarya da ƙawaye cikin anko. A yi shi a inuwa, a gama da wuri. Ni dai roƙona ga masu gyara a kwamfuta, su bar amarya da launin da Allah ya ba ta. Ana goge fuska har kakarta ta kasa gane ta.

Inda aikin yake da nauyi shi ne kai amarya. Saboda halin tsaro a hanyoyin Sheme, Yankara da Sabuwa, da yawa sukan kai ta kafin magariba, ke nan da sauran haske, sai a kashe filasha. Uba na yi mata nasiha, gwaggo ta riƙo hannunta, mai guɗa ta rangaɗa. Uwa kuwa, in 'yar fari ce, kawaici za ta yi, ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Kada a ce su maimaita, kada a ɗaga wa amarya lulluɓi. Mai hoto ya ja baya, ya ɗauka ba tare da ya ce uffan ba.

Wajen zaɓe, kada ya yar da hoto don kawai ɗankwali ya karkace. Ku kuma iyayen biki, tun wajen ciniki ku gaya wa mai hoto cewa irin waɗannan hotunan da ba a shirya ba kuke so su fi yawa a albam ɗin.