Amsoshin Tambayoyinku: Guntun Ƙarfen da Ruwa ke Ci a Ƙafar Injin Jirgi

Tambaya: Ni manomi ne a Maijirgi, cikin gundumar Tasawa. Ɗana na fari ya tafi cirani Gaya, yana fito a kogin Isa. Bara na sayar da wake da sa guda, muka haɗa kuɗi da ƙanena da ke Mayahi, muka saya masa injin Yamaha na hannu mai ƙarfin doki 40. Yanzu kusan duk wata sai ya bugo waya. Yau makanike ya ce a canza wani guntun ƙarfe da ruwa ya cinye, gobe fil ɗin da ke riƙe farfela, jibi wai robar cikin farfela ta sake. Na ce masa a sa ƙarfe mai ƙwari wanda ruwa ba ya ci, a yi wa farfelar walda kowa ya huta. Ni ban taɓa hawa jirgin ruwa ba. Makaniken nan cutarmu yake yi, ko yaron ne ke cin kuɗin?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'ar yaron albarka. Ba wanda zai ga laifinka don ka yi shakka. Ruwan da mutumin Tasawa ko Mayahi ya sani shi ne tapkin damina, da Gulbin Kaba wanda yashinsa ya fi ruwansa yawa. In ana son ganin kwale-kwale a jihar Maraɗi, sai an gangara tapkin Madarunfa wajen masunta. Amma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, zirga-zirga ta tsaya a gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma jiragen fito, kuma kuɗin mutanen tudu irinka ya shiga ruwa tare da na Sarkawa.

Ga amsar a gajarce. Abubuwa ukun nan da yaron ya lissafa maka, duka an ƙera su ne domin a riƙa canza su, su tare wa abin da ya fi su tsada. Shawarar da ka ba shi kuwa, ita ce za ta kai ku ga sayar da sa na biyu. Sai dai maganar "duk wata" tana da abin dubawa a cikinta, zan zo kanta.

Mu fara da guntun ƙarfen. Makanikai na kiransa anod, wasu su ce zinki. Ƙafar injin, wato ɓangaren da ke nutse a ruwa, alminiyam ce. Sandar da farfela ke zama a kanta da yawancin notuna kuwa farin ƙarfe ne marar tsatsa. Duk inda ƙarfe iri biyu suka taɓa juna a cikin ruwa, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, mai rauni a cikinsu ya riƙa zagwanyewa, mai ƙarfin ya zauna lafiya. Ka san tsohon batirin tocila da aka manta a cikin akwati, yadda jikinsa ke ɓulewa ya zubo da farin gishiri? Jikin nan tutiya ce, kuma cinyewarta ce ke ba da wutar. To, inji a cikin ruwa batir ne babba mai sanyin aiki, alminiyam ɗin ƙafarsa kuma shi ne mai raunin. Dabarar da aka yi ita ce a ɗaura wani ƙarfe da ya fi alminiyam ɗin rauni, ruwa ya dinga cinsa ya ƙyale ƙafar. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1824 wani masani na Ingila, Humphry Davy, ya liƙa guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da aka lulluɓe gindin jiragen yaƙin ƙasarsa da shi, ruwan teku ya daina cin jan ƙarfen. Sai dai ciyayi da ƙananan halittun ruwa suka samu wurin zama suka manne, jirgi ya yi nauyi, sojojin ruwa suka yi watsi da shawarar. Daga baya duniya ta dawo kanta.

Saboda haka in aka cire anod aka sa ƙarfen da ruwa ba ya ci, ruwan ba zai yi azumi ba, ƙafar injin zai juya wa. Da farko fenti ya kumbura, a sosa a ga farin gari a ƙarƙashi, sannan ramuka ƙanana, musamman kusa da notuna. Anod kuma ba a shafa masa fenti. Masu jirgi da yawa, in za su gyara inji don ya yi kyan gani ko don sayarwa, sukan fesa fenti har kansa, su kashe shi ba su sani ba. In za a ɗaura sabo, a goge mazauninsa da takardar yashi har ƙarfe ya fito tas, a ɗaure notin da kyau, domin in jikinsa bai haɗu da jikin inji ba, ado ne kawai. Mai gyaran rediyo ko salula yana da mitar da za ta nuna ko sun haɗu. Ana canza shi in ya cinye kamar rabi. Wanda ya shekara a ruwa yana nan sumul kamar jiya aka sa, shi ne abin tsoro, don alama ce ba ya aiki.

Akwai wani abu da makaniken bakin kogi ba lalle ya damu da shi ba. Anod iri uku ne: na tutiya, na alminiyam da aka gauraya musamman, da na magneziyam. Na tutiya na ruwan gishiri ne. A ruwan daɗi irin na Isa yakan yi farin ɓawo a jikinsa ya daina aiki, sai an kankare. Magneziyam ya fi dacewa da ruwan daɗi, na alminiyam kuma yana tafiya ko'ina. In ba a samu ba sai na tutiya, a riƙa goge shi da takardar yashi lokaci-lokaci.

A irin injin da kuka saya, anod ɗin waje galibi shi ne ɗan fiffiken nan da ke rataye saman farfela, noti ɗaya ke riƙe da shi. Yana da aiki na biyu: karkatarsa ce ke hana inji fizgar hannun matuƙi zuwa gefe guda. Kafin a kwance tsohon, a ja layi a san inda ya fuskanta, a mayar da sabon daidai.

Yanzu ga inda nake ganin kana da gaskiya. Ruwan kogi ba ya ɗaukar lantarki kamar na teku, don haka cin anod a Gaya a hankali yake. Injin hannu da ya fito daga bakin teku, Kwatano ko Legas, ba mamaki ya zo da anod da ya riga ya ƙare, canjin farko halal ne. Amma in aka sake neman kuɗin anod bayan wata biyu ko uku, ko dai akwai wayar batir da ke yoyon wuta cikin jirgin, ko kayan jabu ne, ko kuma akwai magana. Hanya mai sauƙi ita ce duk abin da aka canza, yaron ya karɓi tsohon ya ɗauki hotonsa kusa da sabon, ya turo ta WhatsApp. Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan. Kuma in jirgi zai kwana, a ɗaga ƙafar injin daga ruwa.

Sai farfela. Tsakanin cibiyarta, mai haƙoran da ke kama sanda, da jikinta mai fukafukai, akwai roba da aka matse da ƙarfin inji. In fiffike ya daki dutse ko kututture, robar ce ke zamewa ta shanye dukan. Alamar ta sake ita ce a ba inji wuta ya yi ta kururuwa, jirgi kuwa yana jan ciki. In ana shakka, a ja layi ɗaya da ƙusa daga cibiya zuwa jikin farfela, a yi ɗan tafiya da lodi, a duba. In layin ya rabu gida biyu, robar ta tafi. Mai walda zai iya haɗe cibiya da jiki, ko ya huda ya zura noti, kuma ranar jirgi zai yi gudu har a yaba masa. Ran da aka sake dukan dutse fa? Dukan zai wuce kai tsaye zuwa sanda da haƙoran giya, waɗanda kuɗinsu ya ninka na farfela nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane shago ake samunsu ba. Ƙananan injuna da wasu tsofaffi ba su da robar, wani fil mai taushi ke tsaye a madadinta, ya karye in an yi karo. Shi ma masu sa ƙusar kafinta a gurbinsa haka suke ƙarewa. Walda don a samu a kai jirgi gaɓa, wannan lalura ce. Walda don a huta, a'a.

Yadda ake jera kayan farfela yana da tsari, kuma ya kamata yaron ya iya da hannunsa, kada ya jira makanike. Kafin komai a fitar da inji daga giya, a zare hular buji, wato fulogi, don inji na iya tashi in aka juya farfela da hannu, yatsu kuma ba sa tsirowa. A soka guntun katako tsakanin fiffike da farantin da ke samansa ya tare juyawa. In za a mayar, a shafa wa haƙoran sanda giris irin wanda ruwa ba ya wankewa. In babu giris, alminiyam da farin ƙarfe sukan manne har sai an sa wuta ko guduma. Sannan washa mai kauri ta fara shiga. Wannan washa ita ke ɗaukar duk turin da farfela ke yi, in aka manta da ita farfela za ta ci bakin ƙafar injin. Sai farfela, sai zoben da ke bayanta da 'yar washa, sai noti mai tsage-tsage a ka. A ɗaure shi gwargwadon da littafin injin ya faɗa. In tsagar notin ba ta zo daidai da hudar sanda ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan, ba a sassautawa. Daga ƙarshe fil mai ƙafa biyu ya ratsa, a tanƙwara ƙafafun da filaya.

Fil ɗin nan shi ne mafi araha a jikin injin, kuma shi ne makanike ya fi gaskiya a kansa. Duk tanƙwarawa da miƙewa na raunana shi, shi ya sa ake sa sabo duk lokacin da aka kwance. Dole ya zama na farin ƙarfe marar tsatsa. Ƙusa ko wayar keke sukan yi tsatsa su gutsure, noti ya warware a hankali, ran nan a sa giyar baya farfela ta zare ta nutse. Jirgi ɗauke da mata da yara da buhuna a tsakiyar Isa ba farfela, ba asarar kuɗi kaɗai ake magana ba.

Abin da yaron bai ambata maka ba, ni kuwa shi na fi jin tsoro, zaren masunta ne. Kogin cike yake da guntayen taru da zaren mamari. Zaren yakan naɗe a sanda bayan washa mai kauri, inda ido ba ya gani. Zafin juyawa ya narkar da shi ya zama baƙin zobe mai tauri, wanda bai sani ba ya ɗauka wani ɓangare ne na inji. A hankali ya yanka robar da ke tare ruwa, mai ya fita, ruwa ya shiga akwatin giya. Don haka a kwance farfela duk mako ko biyu a duba, a cire zaren da tsinin wuƙa a hankali. A kuma sassauta notin man giya na ƙasa a ga abin da zai ɗigo. Mai lafiyayye tsantsa yake, in ya tsufa ya yi duhu. In ya fito kalar madara, ruwa ya shiga, a tsayar da aiki a canza robar. Man giya lamba 90 ake sawa, ana canza shi bayan kamar awa 100 na aiki, ana kuma ɗura shi ta hudar ƙasa har ya ɓullo ta ta sama, a sa sababbin washoshi a notunan biyu.

Fiffiken da ya lanƙwashe ko ya gutsure yakan sa inji karkarwa, karkarwar kuma ta kashe robar da ke tare ruwa da boris. Ƙaramin tabo a goge da zarto, babba a kai wa wanda ya iya daidaita nauyin fukafukai. A jikin farfela akwai lambobi biyu, na farko faɗinta, na biyu nisan da take yanka a juyi ɗaya. Jirgin da ke ɗaukar lodi mai nauyi yana son na biyun ya zama ƙarami, in ba haka ba inji ya yi ta nishi yana shan mai. Yawan lalacewa kuma yana bin lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da kogi ya ja baya, tudun yashi da duwatsu na kusa, to a sa ran robar farfela za ta fi sakewa. In ya bugo waya da wannan ƙorafi a watan Janairu, lokacin da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya cika kogi, sai ka tambaye shi da kyau inda yake bi da yadda yake tuƙi.

Cin ƙarfen nan da ruwa ke yi yana nan a ƙauyukanku ma, ko babu jirgi. Famfon tuƙa-tuƙa irin India Mark II yana da bututu da sanduna na ƙarfe mai rufin tutiya, a ƙasa kuma akwai kayan tagulla. Inda ruwan rijiya ke da ɗan tsami, tutiyar kan tafi, ƙarfe ya yi tsatsa, da asuba famfo ya fara zubo jan ruwa, wata rana bututu ya tsinke a mahaɗa ya faɗa rami. A can ba anod ake sawa ba, ana musanya bututun da na roba, sandunan kuma da na farin ƙarfe marar tsatsa.

In za ka sake aika masa kuɗi, ka ce ya haɗa 'yar jaka da ba ta barin jirgi: farfela ta biyu ko da tsohuwa ce, noti da washa mai kauri na ajiya, fil kamar guda 10, sifana, filaya da gwangwanin giris. Ya ɗaure jakar da igiya a jikin jirgin. In kuma canji ya kama shi a hanya, ya sa filafili ya kai gaɓa tukuna, kada ya kwance farfela a kan ruwa mai zurfi.