Ɗaukar Abincin Dabbobi Ba Tare Da Ciwon Baya Ba

Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai aikin dako ya hau kan mai kiwo. Yau buhun dusa, gobe angurya, jibi dammunan harawa. Mutane da yawa sukan samu ciwon baya a wannan aiki, har damina ta faɗi ba su iya sunkuyawa su kama fartanya. Sau da yawa kuwa laifin ba na nauyin kayan ba ne kaɗai, na irin yadda aka ɗauke su ne.

Ƙashin bayan mutum ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, wani bisa wani, kuma tsakaninsu akwai wani guringuntsi mai laushi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Guda 5 na wajen ƙugu su ke shan yawancin nauyi. In mutum ya sunkuya da ƙafafu a miƙe ya fizgi buhu, sai gammon nan ya matsu ta gefe ɗaya. Wani lokaci yakan bultso ya danne jijiya, zafi ya sauka har ƙafa.

To, ga yadda ya kamata a yi. Da fari a girgiza buhun a ji nauyinsa, a kuma share hanyar da za a bi. Sa'an nan mutum ya matso daf da buhun, ya ɗan buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya rungume shi a jikinsa, ya miƙe a hankali da ƙarfin cinyoyi. Dalilin rungumar kuwa, kowa ya riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe ya san nan da nan yake gajiya. Iyakar nisan kaya da jiki, iyakar wahalar baya. In za a juya, a juya da ƙafafu, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Haka kuma wajen saukewa, gwiwa ce za ta lanƙwashe.

Game da nauyi, a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, mata da yara kuwa ƙasa da haka ƙwarai. Watau buhu mai kilo 50 ya kusa iyaka ke nan, mai kilo 100 kuwa ba na mutum ɗaya ba ne ko kaɗan. A raba shi biyu, ko a kira wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu ɗauka su biyu su daidaita, ɗaya ya ba da murya su ɗaga tare. Mai ɗauka a ka kuma ya nemi wanda zai aza masa, ya sauke masa, gama a nan ne aka fi jin ciwo.

Amma dabarar da ta fi duka ita ce rage ɗaukar. A ajiye buhuna bisa katako ko dakali wanda ya kai gwiwa, kusa da turke. Wannan kuma yana tsare su daga laima da gara. In da nisa, ga baro, ga amalanke, ga jaki. Kada a jiƙa dusa sa'an nan a ɗauke ta, domin kowace lita ta ruwa kilo 1 ce; a kai ta busasshiya, a dama a kwamin dabbobin. Harawar da ke bisa itace ko rufin ɗaki a zuraro ta da igiya. Saukowa tsani da dami a ka kasada ce, jefo shi kuwa yana kakkaɓe ganyen, alhali ganyen ne abincin.

Wanda bayansa ya riƙe kada ya kwanta kwana da kwanaki. Ya bar ɗaukar nauyi, ya riƙa ɗan tafiya, yawanci ciwon kan lafa cikin 'yan makonni. Amma fa in ƙafa ta mutu, ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, lalle a tafi asibiti ran nan ba jinkiri.

Sawu biyu da rabin buhu ya fi sawu ɗaya da wata guda a kwance.