Gashin da Ke Rufe Idon Kare: Asalinsa, Illarsa da Yadda Ake Kula da Shi

Gabatarwa

Karen da aka saba gani a ƙasar Hausa, na farauta ne ko na gadi ko mai bin garke, gajeren gashi gare shi, kwance luf a jiki, idanunsa kuma a fili. Amma a wasu sassan duniya akwai karnukan da gashi ke zubo musu daga goshi har ya rufe fuska, mai kallo ya rasa inda idanun suke. Daga cikinsu akwai Lasa Afso na ƙasar Tibet, da Shi Tsu wanda aka raina a fadar sarakunan Sin, da Maltis na yankin tekun Bahar Rum, da kuma babban karen nan na Ingila da makiyaya suka riƙa kora shanu da tumaki da shi zuwa kasuwa. Wasunsu, musamman Lasa Afso, sun shigo gidaje a manyan biranen Nijeriya irin su Legas da Abuja.

Gashin ado ne ga mai kallo, amma ga dabbar yakan zama masifa. Silin gashi guda da ke gogar ido dare da rana ya isa ya jawo gyambo, gyambon kuma in an yi sakaci ya kai ga makanta. Wannan darasi zai bayyana dalilin tsawon gashin, da yadda yake cutar da ido, da hanyoyin kula da shi.

Me Ke Sa Gashin Ya Yi Tsawo?

Kowane silin gashi daga wani ɗan rami yake tsirowa a cikin fata, kuma rayuwarsa zango uku ce. A zango na farko yana girma, a na biyu girman ya tsaya tushen ya tsuke, a na uku ya huta har ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. Tsawon da gashi zai kai ya danganta ne da daɗewar zangon farko. A jikin kare mai gajeren gashi zangon girma ba ya daɗewa. A jikin Shi Tsu ko Maltis kuwa yakan ɗauki lokaci mai tsawo, saboda haka gashin ya yi ta ƙaruwa kamar sumar kan mutum.

A shekarar 2009 mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani bincike da masana a Amurka suka yi a kan karnuka fiye da 1,000 daga nau'o'i 80. Sun gano cewa ƙwayoyin gado guda uku ne ke da alhakin mafi yawan bambancin gashi a tsakanin karnuka. Ta farko, FGF5, ita ce ke ba tushen gashi umarnin ya daina girma; in ta sami sauyi, umarnin ya raunana, gashi ya yi tsawo. Sai ɗan kwikwiyo ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana a jikinsa. Ta biyu, RSPO2, ita ke kawo gashin baki da gira masu kauri. Ta uku, KRT71, ita ke sa gashi ya nannaɗe.

Kerkeci, wanda shi ne kakan karnuka, ba ya yawo da gashi a kan ido, domin dabbar da ke farautar abincinta ba ta iya rayuwa da labule a fuska. Mutane ne suka yi ta zaɓen masu dogon gashi suna haɗa su barbara, zuriya bayan zuriya, har aka sami waɗannan nau'o'i. Tun da hannun mutum ne ya kawo siffar, nauyin kula da ita ma a wuyan mutum yake.

Yadda Ido Ke Kare Kansa

A gaban ƙwayar ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, wanda haske ke ratsawa ya shiga ciki. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Babu jijiyar jini a cikinsa, amma cike yake da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa ɗan tsinke kaɗan ke hana mutum ko dabba sukuni. Da yake jini ba ya kai masa abinci kai tsaye, hawaye na daga cikin abubuwan da ke ciyar da shi, su jiƙa shi, su wanke masa ƙura. Hawayen da ke lulluɓe da shi hawa uku ne: majina-majina a ƙasa, ruwa a tsakiya, sai maiƙo a sama wanda ke hana ruwan saurin bushewa.

Ban da fatar ido ta sama da ta ƙasa, kare na da ta uku a lungun ido na wajen hanci, wadda ke sharo ido kamar tsumma. A gindinta akwai maɓuɓɓugar da ke samar da kimanin kashi ɗaya bisa uku na ruwan hawaye. In hawaye sun gama aikinsu sai su bi wasu ƙananan ƙofofi a lungun ido, su gangara ta wata siririyar hanya zuwa hanci. Karin maganar nan da ke cewa abin da ya taɓa hanci idanu ruwa suke yi, ta dace da wannan maƙwabtaka.

Illoli Huɗu na Gashi a Kan Ido

Ta farko ita ce guga. Duk ƙiftawar da kare ya yi, gashin da ya kwanta a ido sai ya karce tantanin. Saman tantanin ya ɗaye, ƙwayoyin cuta su shiga, gyambo ya kama. Ƙaramin gyambo kan warke cikin kwanaki kaɗan in an kawar da abin da ya jawo shi. Mai zurfi kuwa yana iya huda ido, ko ya warke ya bar hakiya. Abin ya fi muni ga masu gajeren hanci irin su Shi Tsu, domin ramin idonsu ba shi da zurfi, ƙwayar idon ta fito waje, wasunsu ma fatar idonsu ba ta rufewa ruf ko suna barci. Bugu da ƙari, tantanin idonsu ba ya jin zafi kamar na sauran karnuka, saboda haka ciwo kan yi nisa kafin su nuna alama.

Ta biyu ita ce zubar hawaye. Gashin da ya taɓa ido yakan zuƙo hawaye ya sauke su a kumatu, tamkar yadda lagwani ke zuƙo kananzir a fitila. A cikin hawaye akwai wani sinadari mai suna fofirin, wanda jiki ke fitarwa, kuma yakan rine zuwa ja mai duhu in haske ya buge shi. Shi ne asalin jan zanen da ake gani ƙarƙashin idon fararen karnuka kamar Maltis.

Ta uku ita ce ciwon fata. Gashin da ya kwana a jiƙe yakan haɗu da kwantsa ya dunƙule, fatar da ke ƙasansa ta yi laushi, ƙwayoyin cuta da naman gwari su sami wurin zama. Daga nan sai wari da ƙaiƙayi, kare ya yi ta susa da farce, wani lokaci ya ƙara ji wa idon rauni. A yankunan da ake hunturu, ƙura kan manne a jiƙaƙƙen gashi, ƙarangiya da kaska kuma su ɓuya a ciki ba a sani ba.

Ta huɗu ita ce tare gani. Akwai wata tsohuwar magana a tsakanin masu kiwon irin waɗannan karnuka, wai idonsu ya saba da inuwar gashi, in an yaye ta haske zai makantar da su. Wannan magana ba ta da tushe. Idonsu na karɓar haske kamar na kowane kare. Wanda gashi ya rufe wa ido yakan yi karo da abubuwa, ya firgita in an taɓa shi ba zato, kuma firgitaccen kare ya fi saurin kai cizo.

Hanyoyin Kula da Gashin

Hanya biyu ce: ko a bar gashin ya yi tsawo a ɗaure shi, ko a rage shi a kai a kai. Tsaka-tsaki shi ya fi cutarwa. Gashin da aka yanke aka manta da shi yakan tsiro da kaifin baki, ya miƙe tsaye, ya riƙa tsokane ido fiye da da. Saboda haka wanda ya fara ragewa sai ya riƙa maimaitawa duk bayan 'yan makonni.

Wanda ya zaɓi ɗauri sai ya taje gashin goshi zuwa sama, ya ɗaure shi tukku da zare mai laushi ko roba mai rufin zare. Kada a matse har fatar ido ta ɗago, domin hakan na hana ƙiftawa, yana kuma tuge gashi. A kwance tukkun kullum, a taje, a sake ɗaurewa.

Wanda ya zaɓi ragewa kuwa sai ya bi waɗannan matakai:

1. A wanke hannu da sabulu, a zaɓi wuri mai haske da lokacin da kare ya natsu. Ya fi kyau a sami mataimaki da zai riƙe shi.

2. A jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗora a kan busasshiyar kwantsa har ta yi laushi, sannan a share daga lungun ido zuwa ƙasa. Kowane ido da audugarsa, don kada a kwashi cuta daga wannan a kai wa wancan.

3. A taje gashin da mataji mai ƙananan haƙora, ana nesanta shi daga ido. Ba a fizgar dunƙulallen gashi. Jiƙa shi ake yi a warware da yatsu.

4. A riƙe gashin haɓa a hankali don kai ya tsaya. A yi amfani da almakashi mai dakusasshen baki, a kwantar da shi a gicciye, bakinsa na kallon nesa da ido. A sa mataji tsakanin fata da almakashi, a rage kaɗan-kaɗan. Reza da wuƙa ba su da wuri a nan.

5. A bar dogayen gashin nan masu tauri da ke saman ido. Tushensu na da jijiyoyi, kuma da zarar wani abu ya taɓa su kare zai ƙifta kafin abin ya kai ga ido.

6. A share guntayen gashin da suka zuba, a busar da wurin sarai.

In kare ya fara fizge-fizge, a dakata sai wani lokaci. Wanda aka saba wa taɓa fuska tun yana kwikwiyo, ana ba shi ɗan abin tauna bayan an gama, ba ya ba da wahala in ya girma. Wajen wanka kuma a kiyaye kada kumfar sabulu ta shiga ido. Har ila yau, duk karen da za a kusanci bakinsa haka, lalle ne ya kasance an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. In an sami cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti.

Lokacin Zuwa Wurin Likitan Dabbobi

Almakashi ba ya maganin kowace matsala. Akwai karnukan da fatar idonsu ke naɗewa ciki, akwai waɗanda ƙarin gashi ke tsiro musu a gefen fatar ido, akwai kuma masu toshewar hanyar hawaye. Waɗannan aikin likita ne, wani lokaci har da tiyata. In an ga kare na runtse ido ɗaya, ko yana gudun haske, ko farin idonsa ya yi ja, ko gaban idon ya yi hazo, ko kwantsa ta zama ruwan ɗorawa ko kore, to kada a bari a kwana.

Likita na da gwaje-gwaje biyu masu sauƙi. A na farko yakan ɗiga wani rini mai suna fuloresin. Lafiyayyen tantani ba ya kama shi, amma inda ya ɗaye sai ya rine, ya yi kore shar in an haska shi da shuɗiyar fitila. A na biyu yakan maƙala siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti ɗaya, ya auna inda hawaye suka jiƙa. Milimita 15 zuwa sama alamar lafiya ce. Ƙasa da 10 na nuna bushewar ido. Wani likitan ido Bajamushe, Otto Shirma, shi ya fito da wannan gwaji a shekarar 1903.

Babban kuskure shi ne sayen maganin ɗigawa a kantin magani ba da umarnin likita ba. Wasu magungunan na ɗauke da sinadarai irin su dekzametazon, waɗanda ke rage ja da kumburi, amma in akwai gyambo sai su hana shi warkewa, su ba ƙwayoyin cuta damar cin tantanin har ya huje. Haka nan magungunan da ake tallatawa don goge jan zanen hawaye: a shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da irinsu, saboda suna ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna tailosin ba tare da amincewarta ba. Jan zanen alama ce kawai, dalilinsa ake nema a magance.

Gwaji Domin Aji

A zuba ruwa a kofi, a rina shi da ɗan shuni ko zoɓo. A jiƙa zaren auduga mai kauri, a tsoma baki ɗaya a cikin ruwan, ɗaya bakin a sauke shi ta gefen kofi ya kwanta a kan farar takarda da ke ƙasa. A bar shi na sa'a guda. Za a tarar ruwan ya haura ta cikin zaren ya sauka a takarda ya bar tabo. Kofin shi ne ido, zaren shi ne gashi, takardar kuwa ita ce kumatun kare.

Kammalawa

Sauyi kaɗan a ƙwayar gado shi ya tsawaita gashi, gashin ya kai ga ido, idon kuma tantanin da bai kai milimita ɗaya ba ne ke tsare gabansa. Aikin minti biyar a kullum, na sharewa da tajewa da dubawa, ya isa ya hana mafi yawan abin da aka lissafa a sama. Rigakafi ya fi magani, balle a kan ido, wanda in ya tsiyaye ba a mayar da shi.

Tambayoyi

1. Wane zango ne na rayuwar gashi ke ƙayyade tsawonsa, kuma mene ne aikin FGF5 a ciki?

2. Me ya sa karnuka masu gajeren hanci suka fi kamuwa da gyambon ido?

3. A bayyana dangantakar da ke tsakanin lagwanin fitila da jan zanen da ke ƙarƙashin idon farin kare.

4. Don me ake hana ɗiga wa ido magani kafin likita ya gwada shi da rini?